Inda Baffa Ya Cire Takalmi

Ni ce auta a ɗakinmu, kuma duk wanda ya san gidanmu a Anka ya san bakina ba shi da linzami a gaban Inna. Ina yi mata tsiya, ina sa hannu a kwanonta, in ta ɓata mini rai kuma sai na gaya mata. Abu ɗaya ne ban taɓa iya buɗe baki na tambaye ta ba, shi ne maganar ɗanta na fari. A bakin gwaggona na ji labarinsa tun ina budurwa. Namiji ne, an haife shi a tsohon garinmu na kan dutse kafin mutanenmu su sauko, ya fara tafiya ke nan ƙyanda ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba yana da rai, saboda kunyar ɗan fari, bayan ya mutu ma ba ta kira ba. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ba ta yi kukansa a gaban mutane ba. Gwaggo ta ce da maza suka naɗe shi a tabarma suka fita, Inna kwando ta ɗauka ta nufi rumbu, mata suna ta yabon kunyarta.

A shekarar da nake ba da labarinta idon Inna ya fara tafiya. Mun kai ta asibiti a Gusau, likita ya gaya mini a gefe cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma yana kan hanya. A wannan kakar ce ƙungiyarmu ta 'yan asalin gari, mu da muka watsu a Anka da Bukkuyum da Gummi, ta shirya ziyarar yini ɗaya. Za a je kufan maƙwabtanmu, a hau namu kufan, a ƙarasa bakin tafki a ci abinci a dawo. Ni ban ɗauki abin da muhimmanci ba, don na san taron ƙungiyarmu, surutu ne da ɗaukar hoto. Sai na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar Inna, wadda ko biki sai an yi da gaske take zuwa, ta sa an wanke mata zanenta na saƙi. Ba ta ce mini za ta ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko Baffana zai je.

Nan na gane. Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kai yaron makwancinsa. Inna tana so ta ga wurin kafin duhu ya rufe ta, ba za ta iya faɗa ba, ba za ta iya tambaya ba, kuma ko sama za ta faɗo ba za ta tsaya a gaban 'ya'ya da jikoki a ce ga ta a kan kabarin ɗanta na fari ba.

Na je na sami Baffa a zaurensa. Na yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halina ba ne, har ya gaji ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ya daɗe yana murza carbi. Ya ce akwai tsamiya a wurin, da wani dutse mai tsaga a tsakiya, ko cikin barci aka tashe shi zai kai mutum. Amma ya ce ba zai nuna da yatsa ba, ba zai kunyata matar wansa da tsufanta ba. Muka shirya cewa in mun isa zai zauna a daidai wurin ya cire takalmi kamar ƙaya ta soke shi, ni kuma in tsayar da Inna kusa. Babu wanda zai ce komai, ita za ta gane.

Lokacin daji ya fara lalacewa. Ana kore shanu, ana jin an tare mota a wuri kaza, amma mutane suna fita da rana suna dawowa. Direban bas ɗin da muka ɗauka ya kafa sharaɗinsa tun a tasha, ya ce shi dai la'asar ba za ta same shi a cikin daji ba, wanda bai shigo mota ba ya kwana da kakanninsa. Aka yi dariya, ban da ni, don na san nisan da ke gabanmu.

Muka tashi da hantsi maimakon sassafe, saboda jiran waɗanda ba su taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Muka tsaya a mararraba muka ɗauki 'yan Bukkuyum da kulolinsu, aka sake gaishe-gaishe tun daga farko. Mutanen Gummi su za su tare mu a bakin tafki da abinci. Inna tana jikin taga, ta jingina goshinta da gilashi tana kallon gonakin da aka girbe, ban san me take iya gani ba. Baffa yana kujerar gaba, yana juyowa yana tsokanarta cewa tsohuwa ta yi kwalliya za ta zance a kufai. Ita ma ta rama, ta ce ai shi za a bari can, don ya fi dacewa da wurin.

Kufan farko ba namu ba ne, na maƙwabta ne da muke auratayya da su. Dutsen ba shi da tsawo. Akwai sauran ganuwar duwatsu da aka jera ba tare da laka ba, da ramukan marina da ciyawa ta cike, da wani shimfiɗaɗɗen fa mai ƙananan gurabu inda mata suka yi ta niƙa har dutse ya lotsa. Wuri ne mai kyau, ba zan hana shi ba. Amma shugaban ƙungiyarmu tsohon hedimasta ne, kuma tun da ya yi ritaya bai sami taron da zai tsaya masa shiru ba sai ranar. Ya hau kan ganuwa ya fara daga yadda kakanni suka gudo kan duwatsu saboda mahara, ya bi ta kan wanda ya haifi wane, ya koma baya ya gyara abin da ya faɗa da farko. Samari suna ta ɗaukar hoto da waya, kowa yana so a ɗauke shi a cikin ramin marina. Inna ba ta hau ba. Ta zauna a gindin wata ƙirya a ƙasa tana ajiye ƙafarta don dutsen da ya kawo ta. Ni kuwa ina kallon inuwa tana gajarta, na cika na yi fam. Da na kasa daurewa na ce wa shugaba kakannin nan ba gudu za su yi ba, rana ce ke gudu. Matarsa ta harare ni, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

Daga nan hanya ta zama ta jar ƙasa, bas yana tafiya yana kuka. A gindin dutsenmu akwai ƙauyen da waɗanda ba su yi nisa ba suka zauna bayan saukowa, duk danginmu ne. Nan ma wani lokacin ya tafi, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Ba a wuce ƙofar dangi. Akwai gidan da aka yi rasuwa ba mu zo ba, akwai inda aka haihu, akwai tsohuwar da za ta yi fushi har ta mutu in aka ce Inna ta zo garin ba ta leƙa ta ba. Kowane gida sai an dama fura, kuma sai an sha. A nan aka yi azahar. Da muka fito direba yana tsaye jikin motarsa yana kaɗa makulli, ya ce mu hau mu sauko, ba zama za mu yi ba.

Tun daga ƙasa na ji abin da ban yi tsammani ba, ƙarar inji. Hanyar da Inna ta sha ba mu labari, wadda suke hawa da tulu a ka, ta zama hanyar babura. Suna saukowa da buhunan dutse a ɗaure, mu muna raɓewa. Dangi sun ce mana ana haƙar zinari a sama, amma sun faɗa ne yadda ake faɗin an yi ruwa jiya, ban zaci abin ya kai haka ba. Na riƙe hannun Inna muna hawa a hankali, tana tsayawa tana haki, ba ta yarda an ɗora ta a babur ba. Da farar ƙurar niƙan dutse ta fara isowa na ja gefen mayafinta na rufe mata hanci, don tun abin da gubar dalma ta yi wa yaran Bagega ba na wasa da wannan ƙurar.

Garin yana nan, rabinsa. Ta gabas akwai da'irar ɗakuna a ƙasa, da duwatsun da ake ɗora rumbu a kai, da kukoki manya, da fasassun tukwane a cikin ciyawa. Ta yamma kuwa babu komai sai ramuka da tulin jar ƙasa da rumfunan leda. Babu itace ko ɗaya a tsaye. Samari ne cike da wurin, fari fat da ƙura, wasu Hausarsu ma ba irin tamu ba ce. Sun amsa sallamarmu da ladabi, wani har ya kawo wa tsofaffi benci. Ba su san kowa a garin nan ba, ba su kuma san akwai wanda aka taɓa binnewa a nan ba. Na so in ji haushinsu, na rasa ta inda zan fara, don su ma abinci suka fito nema.

Inna ta sa na kai ta inda gidansu yake. Da ƙafa ta gane shi, ta taka wasu duwatsu uku ta ce nan rumbun surukarta yake. Ta tsaya a wurin, ta ɗaga fuska. Ni hankalina yana kan Baffa. Na ga ya nufi wajen ramuka, ya tsaya, ya dawo, ya sake komawa. Ya cire hula ya share gumi ya mayar. Shugaba ya riga ya tara mutane a kufan masallaci ya buɗe sabon babi, daga ƙasa kuma direba ya fara danna odar mota. Can sai na ga Baffa ya juya ya bi ta gabas, cikin ciyawa, yana tafiya kamar wanda ya tuna. Ya isa wani kututture kusa da wani dutse, ya zauna, ya cire takalminsa na hagu ya shiga duba tafin ƙafa.

Na ja Inna muka bi shi, na ce mata mu je inda iska take. Muka tsaya ɗan nesa da shi. Na ce, da ƙarfi yadda za ta ji, ga Baffa can ƙaya ta zaunar da shi. Sannan ta saki hannuna ta durƙusa, kamar mai gyara ɗaurin zane, ta daɗe a haka leɓɓanta suna motsi. Baffa bai ɗago ba, yana ta neman ƙayar da babu ita. Da ta miƙe ta ce masa, "Sannu, Malam. Allah shi saka da alheri." Ya ce, "Amin, amin," ya sa takalminsa.

Na juya baya na yi kukana a cikin mayafi. Daɗi ne ya sa ni kuka, na ɗauka na yi wa uwata abin da babu wanda ya taɓa yi mata. Da muna saukowa har waƙa nake yi a zuci, na yafe wa shugaba, na yafe wa direba da odarsa.

Tafkin yana kan hanyar da ke fita wajen Gummi. Mun isa rana ta karkata, mutanen Gummi sun gaji da jira, shinkafa ta huce, soyayyen kifi ya bushe. Direba ya ce a ci a tsaye. Ruwan ya ja baya ya bar laka mai tsagewa, bado ya rufe gefe guda, masunta biyu suna kwance a kan gora can tsakiya suna duba koma. Tsofaffi suka yi ta cewa da a irin wannan lokaci ba ka samun wurin tsayawa saboda shanun Fulani, ranar kuwa ko ɗaya ba mu gani ba, kuma babu wanda ya tambayi dalili. Yara suka ruga bakin ruwa, iyaye suna kiran su. Inna ta ƙi cin komai, ta ce in kai ta inda za ta yi alwala.

Na kai ta nesa da mutane, inda akwai wani dutse da ake wanki a kai. Ta zauna ta sa hannu a ruwa, ba ta fara alwalar ba.

"Auta, ke kik kitsa wagga magana da Baffanki ko?"

Na ce ni ce, ina murmushi, ina jiran albarka.

"Ba nan na ba."

Na ce mata ban gane ba. Ta ce ranar da aka fita da yaron, da ta ɗauki kwando ta nufi rumbu, ba dawa ta je ɗiba ba. Ta hau ne don daga bakin rumbu ana hango bayan gari. Ta ga inda suka tsaya, ta ga sun sunkuya, kuma bayan azahar ne kamar yau.

"Rana cikin idona take, har ina kare ta da hannu. Yau da munka tsaya, ga ƙeyata nij ji ta. Yamma ga gari anka sa shi, inda injin nan yake kuka."

Na ce to Baffa ya manta ke nan, tsufa ne. Ta girgiza kai. Ta ce bai manta ba, ta ji sawunsa ya je wajen har sau biyu kafin ya juya. Ya ga abin da ke wurin ne, ya nemo mata wani wuri mai ciyawa.

Nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi mata irinsa ba. Na ce me ya hana ta faɗa muna can, da na kai ta bakin ramin ko da kowa zai mutu da kunya, da ta tsaya a inda yake ko da ƙasar ce kawai. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta hana mutum ɗansa yana raye, ta hana shi yana kabari, yanzu kuma ta raka shi har makanta. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su dace da 'ya ba. Ta bar ni na gama.

"In ce mi, gaban ɗiya da jikoki? Kuma bawan Allah ya zamna cikin rana ya hidda takalmi saboda ni. Kar ki hwaɗa mai na gane."

Sai ta yi alwalarta a natse, ta wanke fuska, ta shafi kai, na riƙe ta ta wanke ƙafa. Direba yana ta oda. Na ce mata za mu dawo, ni da ita kawai, in ɗauki shatar mota mu je da sassafe ba shugaba ba taro. Ta ce to, Allah ya kai mu. Daga yadda ta faɗa na san ba ta sa rai ba.

A hanyar dawowa mota ta cika da hira, ana miƙa waya ana kallon hotuna, shugaba yana cewa baɗi za a ƙara da kwana. Baffa bai juyo ya tsokani kowa ba. Muka shigo Anka ana kiran magariba, direba ya yi hamdala da ƙarfi.

Ba mu koma ba. Kafin damina ta kama hanyar ta gagara, aka fara ɗaukar mutane a gonakinsu. Dangin nan da suka dama mana fura suka kwaso abin da za su iya ɗauka suka shigo gari, wasu suna gidanmu har yanzu, wasu suna raɓe a kangon mutane. Ƙauyen gindin dutse shi ma ya zama kufai. Na tambayi waɗanda suka fito daga baya ko ana haƙa har yanzu, suka ce ana yi, sai dai yanzu masu bindiga ke cewa wanda zai haƙa. Ƙungiyarmu ba ta sake shirya ziyara ba, taronta ya koma na ta'aziyya da haɗa gudummawa.

Baffa ya rasu bayan shekara biyu. Ban gaya masa ba, shi ma bai taɓa ɗaga maganar ba, sai dai tun daga ranar in na gaishe shi ba ya haɗa ido da ni. A zaman makoki na ji Inna tana gaya wa matansa cewa mutumin kirki ne, ya taɓa yi mata wani alheri da ba za ta manta ba. Suka tambaye ta wane ne, ta ce tsakaninsu ne.

Yanzu ba ta gani ko kaɗan. Ba ta sake tambayar hanya ba, ni ma na daina cewa za mu je, don ƙarya ce kuma ta sani. Abin da take yi kawai shi ne bayan azahar ta laluba ta jawo tabarmarta daga rumfa zuwa tsakar gida, ta zauna ta fuskanci yamma, rana tana dukan fuskarta. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi mini faɗa, ya ce wace irin 'ya ce ni da zan bar tsohuwa makauniya a cikin rana ga inuwa. Da ina ba su amsa mai zafi. Yanzu sai in ce su bar ta, ta fi son nan, in kawo mata ruwa in ajiye kusa da hannunta.